Riƙe ƙarfe da hannu ɗaya: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, barka da aiki. A wurin motsa jiki na ga ana riƙe dunƙulen ƙarfen nan mai mariƙi, wato ketulbel, da hannu ɗaya, mutum ya tsaya cak ba ɗagawa ba saukewa. Me ake samu a tsayuwa kawai?

Amsa: Malam, ai tsayuwar ce aikin. Nauyin yana rinjayarka gefe guda, jikinka kuma yana ƙin karkacewa. Idan ƙarfen yana hannun dama, tsokokin gefen ciki na hagu, da wata tsoka ta can ciki da ta haɗa haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, su ne ke ɗaurewa domin gadon baya ya tsaya a miƙe. Farfesa Stuart McGill, tsohon malami a Jami'ar Waterloo ta Kanada, wanda ya daɗe yana nazarin ƙashin baya, yana cikin masu ba da shawarar ɗaukar nauyi da hannu ɗaya saboda wannan dalili.

Ka ɗan ware ƙafafunka, ka lanƙwasa gwiwa da ƙugu ka ɗauko shi, kada ka sunkuya da baya. Kafaɗu su daidaita, kada ƙarfen ya jingina da cinya. Riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, ka sauya hannu, sau uku kowane gefe. Na fi son mai farawa ya ɗauki kilo 8 a gaban madubi, ko da yana ganin zai iya 16. Da zarar kafaɗa ɗaya ta faɗa, ajiye. Abin da ya wuce nan wahalar da baya ne kawai.

Tambaya: Likita, zai rage mini tumbi?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Zai ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin kitsen, amma kitse ba ya narkewa daga wuri guda don an matsa wa wurin. Wannan sai da gyaran cin abinci da yawan tafiya.

Tambaya: Shekarata 61, ina shan maganin hawan jini, bayana kuma yakan riƙe. Zan iya?

Amsa: Baba, wannan tambayar ta fi damuna. Haɗarin yana wajen ɗauke numfashi. Mutane da yawa sukan riƙe numfashi su yi yunƙuri idan nauyi ya yi musu yawa, nan take kuma jini ya hau. Ka fara ganin likitanka a auna ka. Idan ya amince, ɗauki mara nauyi, kilo 4 ma ya isa, ka riƙa ƙirga daƙiƙoƙin da baki, domin mai magana ba ya iya riƙe numfashi. Idan ciwon bayan yana sauka zuwa ƙafa, ko ƙafar tana yin sanyi kamar ba taka ba, ko kana da ƙaba, bar shi sai an duba ka. Jiri ko ciwon ƙirji kuwa, ajiye nan take ka nemi asibiti.

Tambaya: Ba ni da ketulbel. Da me zan maye gurbinsa?

Amsa: Jarka mai mariƙi ta wadatar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka lissafin ba wuya. Ka cika ta taf, don ruwan da ke kai-komo yana sa riƙon ya fi wuya ga mai farawa.