Ɗan matakin ɗora ƙafa a masai: in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Masan gidanmu na zama ne, kuma na daɗe ina fama da maƙarƙashiya. Na ga ana tallar wani ɗan mataki da ake ɗora ƙafa a kai lokacin bahaya, wai yana maganin basir, yana kare mutum daga sankarar hanji, wai kuma daga yoga, motsa jikin nan da ya samo asali daga Indiya, aka ɗauko dabarar. Ya cancanci kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Dabarar tana da tushe, sai dai masu talla sun cika mata gishiri.

Akwai wata tsoka mai suna puborectalis da ta zagaye ƙarshen hanji kamar majajjawa, tana lanƙwasa shi don kada bahaya ya fito ba shiri. Idan mutum ya tsuguna, gwiwoyi suka haura saman ƙugu, lanƙwasar takan ɗan miƙe, hanya ta buɗe, yunƙuri ya ragu. A 2003 wani likita a Isra'ila, Dov Sikirov, ya gwada wannan da mutum 28 masu lafiya. A tsugune sun gama cikin kimanin daƙiƙa 51, a zaune kan masai mai tsayi kuwa sai da suka kai kimanin 130. Mutanen ba su da yawa, kuma babu mai maƙarƙashiya a cikinsu, amma sakamakon ya dace da yadda jiki yake.

Maganar sankara ce ta fi damuna. Babu hujjar da ta nuna tsugunno yana hana ta, kuma ina jin tsoron wani ya dogara da mataki ya ƙi zuwa asibiti. Basir ma ba ya warkewa da shi, iyakarsa rage yunƙurin da ke tayar da shi.

Batun yoga kuwa, akwai zaman da ake kira malasana, tsugunno ne sosai, yana sakin ƙugu da idon sawu. Amma 'yan Adam sun riga kowane darasin yoga sanin tsugunno.

Shawarata, kada ki yi gaggawar saye. Matakan Squatty Potty, kamfanin Amurka da ya yi suna a wannan harka, tsayinsu inci 7 ne ko 9. Ki samo ƙaramar kujera mai irin wannan tsayi wadda ba ta santsi, ki ɗora ƙafafu, ki ɗan sunkuyo, ki gwada mako biyu tare da yawan shan ruwa da cin ganye da 'ya'yan itace. In kin ji daɗinsa, sai ki sayi wanda ya fi zama daram. Don Allah kada ki hau kan masan ki tsuguna, tangaran ne, yana iya fashewa ya yanke ki.

In kika ga jini, ko rama ba dalili, ko bahayarki ta sauya salo tsawon makonni, ki je wurin likita tun kafin ki yi zancen mataki.