Yarona ya nace sai hokin ƙanƙara: nawa zai ci mu, kuma hular kwano mai tsada za ta kare masa kai?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Muna zaune a Kalgari ta ƙasar Kanada ne, yarona ɗan shekara 9 ya addabe mu sai an sa shi hokin ƙanƙara saboda kusan duk 'yan ajinsu suna yi. Ni kuma tunda naga labarin ɗan wasan nan da ƙarfen takalmin hoki ya yanke ma wuya a Ingila hankalina bai kwanta ba, ga kuɗin da ake faɗa mana abin tsoro. Babansa yace in dai muka daure muka sayi hular kwano ta dala 400 to kansa ya tsira, ba sauran fargaba. Dan Allah nawa abin zai ci mu, kuma maganar hular nan gaskiya ce?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi. Damuwarki tana kan hanya, sai dai abin da ya hana ki barci da abin da yafi kawo min yara asibiti ba ɗaya bane, zan zo kansa. Bari in fara da kuɗi tunda shi yafi sauƙin bayani.

A shekarunsa rukunin 'yan ƙasa da 11 zai shiga, kuma ƙungiyar unguwa ce ta dace da shi, ba masu yawon gasa gari-gari ba. Rajistar ƙungiyar unguwa tana kamawa daga 'yan ɗaruruwan dala zuwa dubu da wani abu a kaka ɗaya, ya danganta da unguwa da yawan lokacin da suke samu a kan ƙanƙara. Kaya sababbi tun daga kai har ƙafa wasu ɗaruruwan ne, sannan ga 'yan ƙananan da ba wanda zai gaya miki ranar rajista: kaifafa ƙarfen da ke ƙasan takalmi duk bayan 'yan makonni, tef, sanda in ta karye, kuɗin asusun ƙungiya, man mota da fitar asuba cikin sanyin Janairu. Kuma ƙafar yaro bata jiran kowa, takalmin bana da wuya ya kai baɗi. Masu matakin AAA, wato matakin ƙoli na gasar yara, su ne kike jin ana cewa sun kashe sama da dala dubu 10 a shekara, otal da tafiya da koci na musamman, wannan ba layinku bane yanzu, kar wani ya tsorata ki da lissafinsu. In yace gola yake so ya zama to ki ƙara shiri, kayan gola sun fi na kowa tsada, amma ƙungiyoyi da yawa suna ba ƙanana aro.

Kafin ki saki ko sisi ki nemi shirin First Shift, na yara 'yan 6 zuwa 10 ne da basu taɓa yin rajista ba, kuɗin wajen dala 300 ne, a ba shi kayan kamfanin Bauer cikakku har da takalmi a kuma koya masa sau shida a kan ƙanƙara. In ya gama yace baya so, asarar kaɗan ce. Akwai kuma Jumpstart da KidSport masu taimaka ma iyaye da kuɗin rajista, ki cike takardarsu ba abin kunya bane, don haka aka kafa su. Wando, safar hannu, kariyar ƙwauri da kafaɗa, duk ki saya na hannu. Sandar dala 300 a hannun ɗan shekara 9 kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai. Hula ce kaɗai nake so ki saya sabuwa, don ta hannu baki san sau nawa ta sha bugu ba, tsagewa tana ɓoyewa a ciki.

Maganar wuya. Wanda kika gani Adam Johnson ne, ya rasu a watan Oktoba 2023 bayan wasa a Shefild, ƙarfen takalmin wani ya same shi a wuya. Irin haka ta taɓa samun gola Clint Malarchuk a 1989, shi Allah ya yi da sauran kwanansa. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma a Kanada tun kafin wannan dole ne yara su sa kariyar wuya mai tambarin BNQ na tabbatar da inganci, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Aikinki ki tabbatar ta zauna daidai ta rufe gefen wuya, kuma yana sa ta har a atisaye, don yara suna son naɗe ta ko su cire wai tana musu zafi. Ragar ƙarfe ta fuska ita ma dole ce a matakinsa, kuma tana aiki sosai: Willie O'Ree, baƙar fata na farko da ya buga NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, a 1958, faifan robar da ake bugawa a wasan ne ya kashe masa ido ɗaya tun kafin ya kai can, a zamanin da fuska a buɗe ake wasa.

Toh yanzu maganar babansa, ki ba shi ya karanta da kansa dan Allah, da girmamawa nake faɗa. Babu hular da take hana girgizar ƙwaƙwalwa. Babu ita, ko ta dala 60 ko ta 400. Hula tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, tana kare fata daga tsagewa, tana rage ƙarfin bugu, wannan babban aiki ne kuma ba wanda zai hau ƙanƙara ba tare da ita ba. Amma ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙashi ba, tana cikin ruwa ne. Ki sa awara a kwano da ruwa ki rufe, ki naɗe kwanon da bargo goma ki jijjiga, kwanon bazai lotsa ba amma awarar sai ta bugi gefe. Yaro yana gudu ya daki katangar fili ya tsaya cak, kai ya tsaya, abin da ke ciki bai tsaya ba. Ba ma sai an taɓa kan ba, a bangaje shi a kafaɗa ko ƙirji kan ya fizga, ya isa. Tambarin CSA da kike gani a bayan hula shaida ce ta cewa ta ci jarrabawar kare kai daga mummunan rauni, kuma mai araha da mai tsada jarrabawa ɗaya suka ci. Bambancin kuɗin yawanci rashin nauyi ne da shan iska da kyan gani. Hula mai matsakaicin kuɗi da ta zauna masa cif, bata rawa, igiyar haɓa a ɗaure, tafi mai tsada da aka saya da girma wai don ya girma a cikinta.

Abin da yasa nake zafi a kan wannan, ba kuɗin da za a yi asara bane. Uban da ya yarda cewa ya sayi tsira da dala 400, ranar da yaro ya faɗi ya tashi yana layi, cewa zai yi ai hularsa mai kyau ce, ba komai, koma ciki. Wallahi wannan maganar nake ji kusan kullum a ɗakin duba marasa lafiya, ita da ƙanwarta, wai ai bai suma ba. Hajiya, cikin masu samun girgizar ƙwaƙwalwa a wasanni, waɗanda suke suma basu kai ɗaya cikin goma ba. Sauran suna tashi da ƙafarsu, suna magana, wasu har su ci ƙwallo. Sai dare yayi ko washegari ciwon kai ya taso, jiri, tashin zuciya, haske yana damunsa, ya kasa haɗa hankali a aji, yaro mai fara'a ya koma fushi da kuka ba dalili. Sai kuma ta ukun, wai an yi hoton kai an ce lafiya lau. Hoton siti sikan jini da karaya yake nema, girgizar ƙwaƙwalwa bata fitowa a cikinsa, hoto mai kyau baya nufin yaro ya warke.

Ki duba ɗan wasan hoki Sidney Crosby, wanda a lokacin ana ganin babu kamarsa a duniya, ga kaya mafi kyau ga likitoci a gefensa. An buge shi ranar 1 ga Janairu 2011, ya tashi ya ƙarasa wasa, bayan kwana huɗu ya sake buga wani wasan aka sake haɗa shi da katanga. Bai dawo ba sai watan Nuwamba. Wace hula ce babansa zai saya wadda Crosby bai da ita? Shi babba ne ma. Ƙwaƙwalwar yaro tafi jinkirin warkewa, kuma bugu na biyu kafin na farko ya warke shi ne abin da muke tsoro, don yana iya sa ƙwaƙwalwa ta kumbura cikin mintuna. Haka ya faru da Rowan Stringer, yarinya 'yar 17 mai wasan rugbi a Ottawa, ta sha bugu a kai, ta gaya ma ƙawayenta bata gaya ma manya ba, ta sake shiga wasa, ta rasu a 2013. Saboda ita jihar Ontariyo ta kafa doka a 2018 da ta tilasta cire yaro daga wasa in ana zargin girgiza. Yanzu iyaye suna sa hannu a takardun bayani kan girgizar ƙwaƙwalwa lokacin rajista ko layi ɗaya basu karanta ba, ƙungiya ta ajiye a fayil, kowa yace ya sauke nauyi.

Sannan ga masu cin kasuwa da tsoron iyaye. Wani zai tallata miki ɗankwalin roba da ake sawa a ƙarƙashin hula, wani ƙwayoyin ƙarin lafiya wai suna gyara ƙwaƙwalwa cikin kwana uku, wani ya ce a kawo yaro ya murɗa masa wuya ya daidaita. A guruf ɗinmu na WhatsApp kuma a ce a shafa man zafi a goshi a ba shi zuma ya kwanta, gobe garau. Addu'a a yi ta, zuma a sha, amma babu ɗayansu da ke maye gurbin likita ya duba yaro, kuma babu wanda zai taɓa wuyan yaron da ya faɗi sai an tabbatar ƙashin lafiya. Waɗanda suka fi ɓata min rai iyayen da ke zuwa ranar Alhamis a sa musu hannu a takardar komawa wasa saboda akwai gasa ranar Asabar, yaro yana zaune yana runtse ido saboda fitilar ofis, uba yana cewa ai namiji ne, ya warke. Bana sa hannu, kuma duk likitan da ya san aikinsa bazai sa ba. Mu mun taso ana yabon yaro in ya daure bai yi kuka ba, to a wannan wurin dauriyar ce take cutar da shi, yaron da ya san za a ce masa rago bazai faɗi cewa kansa na ciwo ba. Amana ce Allah ya ba ku, kofin roba na gasar 'yan shekara 9 bai kai a yi caca da ita ba.

Abin da bincike ya nuna yana rage hatsarin da gaske ba a kanti ake sayensa ba. A jami'ar garinku ta Kalgari, Carolyn Emery da abokan aikinta suka kwatanta yara 'yan 11 da 12 na jiharku ta Alberta, inda aka yarda da bangaza a lokacin, da na jihar Kubek inda aka hana, a 2010 suka fitar da sakamako cewa rauni da girgizar ƙwaƙwalwa sun ninka kusan sau uku a inda ake bangaza. A 2013 hukumar hoki ta ƙasa, Hockey Canada, ta hana bangaza a wannan rukunin. Kinga naki yana da sauran shekaru, sai ya kai 13 maganar zata taso, kuma ko a lokacin akwai rukunin da ba a bangaza, kina da ikon zaɓa masa shi. Amma ko yanzu yara suna karo da juna suna faɗuwa, shi yasa nake so ya fara ƙwarewa a tafiya kan ƙanƙara, tsayawa da juyawa da ɗaga kai sama, kafin a damu da cin ƙwallo. Robar baki ma ki saya, bayan kare haƙora, taron masana na Amsterdam a 2022 ya samu cewa masu sa ta a hokin ƙanƙara sun fi ƙarancin samun girgiza.

In ya faɗi kika yi zargi ko kaɗan, ya fito, kuma baya komawa a ranar ko da koci yace ya ware. In akwai ciwon wuya, amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, ganin abu biyu-biyu, jijjiga, hannu ko ƙafa ta mutu, ruɗewa ko suma, a kira lambar gaggawa 911 kai tsaye, kar a ɗaga shi kar a cire masa hula. In babu waɗannan, likita ya gan shi cikin kwana ɗaya ko biyu, ya huta awa 24 zuwa 48 a rage masa waya da talabijin, a bar shi yayi barci kina leƙa shi, in ciwon kai ya dame shi Tylenol (farasitamol) za a ba shi, a bar Advil (ibuprofen) da asfirin tukuna. Bayan nan ba kulle shi za a yi a ɗaki mai duhu ba, zai fara 'yar tafiya, ya koma makaranta a hankali, sannan wasa mataki-mataki, kowane mataki aƙalla kwana ɗaya, in alamun suka dawo a koma baya. Makaranta ce farko, sai ya iya zaman aji cikakke sannan a yi maganar gasa. Yawancin yara suna warwarewa cikin wata ɗaya, in ya wuce haka a tura shi asibitin da ya ƙware a kan wannan.

Ni a ganina ki bar shi ya gwada, wasa ne mai kyau kuma zai sa sanyin garin nan ya zame masa abin so, Jarome Iginla da yayi shekaru yana kyaftin ɗin Flames, ƙungiyar hoki ta Kalgari, ma babansa ɗan Najeriya ne. Ranar taron iyaye na farko ki tambayi koci waye mai kula da lafiya a benci, kuma waye yake da ikon cire yaro in ya bugu. In ya amsa miki da sunan mutum da tsarin da suke bi, madalla. In ya fara ce miki yaransa jarumai ne basa jin bugu, ki nemi a canza masa ƙungiya tun kafin a fara kaka.