Amsar tambaya a kan kalmar fret

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da hayaniya, a bakin titi nake. Ƙanwata, na ga tambayarki tun da safe, kin ce wani ya rubuto miki "don't fret", kina son sanin ko daidai yake da "don't worry".

E to, 'yan gida ɗaya ne, amma kowa da halinsa. Worry tana ɗaukar damuwa kowace iri, daga rashin lafiyar mahaifi har zuwa kuɗin haya. Ita kuwa fret damuwa ce da ake gani a jikin mutum, ya kasa zaune ya kasa tsaye, kuma galibi a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kin san yadda uwa take yi idan an kira Magariba yaro bai dawo daga Islamiyya ba? Ta leƙa zaure, ta dawo ta zauna, ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake miƙewa, alhali yaron yana can bayan layi yana ƙwallo. To a nan Bature zai ce "she is fretting about her son". About ko over ake haɗa ta da su, duk wanda kika ɗauka ya yi.

Ni abin da ya fi burge ni asalinta ne. A tsohon Turanci fretan na nufin cinyewa, irin cin da asu yake yi wa tufa. Jamusawa har yau suna da 'yar uwarta, fressen, wato cin da dabba take yi. Ashe mu da su tunani ɗaya muka yi, don mu ma cewa muke abin nan yana cina a rai, ko yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ita ma worry ɗin, asalinta shaƙe wuya ne.

Wajen rubutu ki ninka t ɗin: fretted, fretting. Jaririn da ke rigimar haƙori kuma fretful ake ce masa.

Amma don Allah kada ki je dubiya asibiti ko gidan makoki ki ce wa mutum "don't fret". Zai ji kamar kin mayar da lamarinsa ƙarami.

Af, ƙarafunan nan da ke jere a wuyan gita su ma frets ne, sai dai wannan wata kalma ce daban. Bari in tare adaidaita, ga ta nan tafe.