Tambaya da Amsa: Da Wane Ma'auni Ake Auna Haƙƙin 'Yan Baya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, na ji an ce idan gwamnati za ta yanke shawara kan abin da amfaninsa ko illarsa ba za su bayyana ba sai bayan shekaru masu yawa, masana tattalin arziki sukan rage darajar abin da zai sami waɗanda ba a haifa ba tukuna. Shin haka ne, kuma mece ce hujjarsu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, haka abin yake. Akwai wani kaso da masana suke zaftarewa duk shekara daga darajar riba ko asarar da za ta zo nan gaba, don su san nauyinta a kuɗin yau. Asarar naira miliyan ɗaya da za ta auku bayan shekara 100, idan aka zaftare kashi 1.4 cikin ɗari duk shekara, ta yi daidai da kusan naira 250,000 a yau, amma idan kashi 5 aka zaftare, ba za ta kai naira 8,000 ba. Kin ga wanda ya zaɓi kason, kusan shi ne ya yanke hukuncin.

A kan wannan aka yi babbar muhawara a 2006, lokacin da masanin tattalin arziki Nicholas Stern ya miƙa wa gwamnatin Birtaniya rahotonsa kan sauyin yanayi. Ya yi amfani da kusan kashi 1.4, don haka ya ce wajibi ne duniya ta fara kashe kuɗi nan take wajen rage hayaƙin da ke ɗumama ta. William Nordhaus na Jami'ar Yale a Amurka, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2018, ya ce kason ya yi ƙasa ainun, ya kamata a bi ribar da jari yake samarwa a kasuwa, lissafin da ya kai shi ga shawarar a bi a hankali.

Hujjoji biyu ne a ƙarƙashin ragin. Ta farko ita ce ana sa ran 'yan baya za su fi mu wadata, saboda haka ba adalci ba ne a matsa wa talakan yau don a ƙara wa mai hali na gobe. Ta biyu kuwa ita ce ɗan Adam ya fi son jin daɗin yanzu a kan na nesa, kuma tun a 1928 masanin Ingila Frank Ramsey ya ce wannan ba ta da madafa a ɗabi'a. Ni ma ra'ayina ke nan, domin jinkirin haihuwa ba laifi ba ne da zai rage wa mutum daraja. Ita ma hujjar farko tana da sharaɗi, tunda babu tabbacin jikokinmu za su fi mu wadata idan muka ƙarar da man fetur, muka sare dazuzzuka, ba mu bar musu madadinsu ba.

Shi ya sa Kuwait ta buɗe asusun 'yan baya a 1976, wato inda ake ajiye wani kaso na kuɗin shigar ƙasa don masu zuwa nan gaba, Norway ta kafa nata asusun man a 1990, Nijeriya kuma ta kafa hukumar zuba jarin ƙasa a 2011 wadda take da irin wannan asusu. Chadi ta ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin man fetur ɗinta don 'yan baya bisa yarjejeniya da Bankin Duniya, amma a ƙarshen 2005 majalisarta ta soke tanadin saboda buƙatun gaggawa na gwamnati, kuma waɗanda aka yi ajiyar dominsu ba su da bakin da za su ce a'a.