Littattafan da ba na Afirka ba sun ƙi shiga kaina, in tsallake su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce 'yar SS2, ina ɗaukar darasin adabin turanci. Littattafan Afirka ina ɗan ganewa, amma waɗanda ba na Afirka ba wallahi in na karanta shafi uku sai kaina ya ɗau zafi, waƙoƙin kuwa ba a magana. Ƙawayena sun ce in sayi ɗan littafin nan da ake taƙaita labaran a ciki in haddace, wai ya isa. Don Allah zan iya riƙe na Afirka kaɗai in bar sauran? Kuma ya zan yi da waƙoƙin?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Amsar farko dai a'a, ba za ki iya tsallake su ba, kuma yadda aka tsara jarrabawar ne ya hana. A WAEC takardu uku ne. Ta ɗaya tambayoyi 50 ne na zaɓi, a ciki akwai 20 a kan wasan Shakespeare da aka sa muku, sai waƙa da gutsuren labari da ba ki taɓa gani ba. Ta biyu ta ƙagaggun labarai ce, sashe biyu, na Afirka da wanda ba na Afirka ba, kuma dole ki amsa tambaya ɗaya daga kowane sashe. Ta uku wasan kwaikwayo da waƙa, sashe huɗu, nan ma ɗaya ɗaya. Kinga ke nan in kin bar na waje kin zubar da rabin makin takarda ta biyu da rabin na ta uku tun kafin ki shiga ɗakin jarrabawa. Sauƙin da ke ciki shi ne a ƙagaggun labarai littafi biyu ake sawa a kowane sashe, in kin riƙe ɗaya na Afirka da ɗaya na waje kin san su ciki da bai, kin gama. Kuma ki tabbatar da jerin littattafan shekararku wajen malaminku, don ana canza su duk shekara biyar, an yi na 2021 zuwa 2025, sabon ya fara daga 2026.

To yanzu ga abin da nake so ki gane, shekaru ina koyar da darasin nan kuma kusan duk ɗalibin da ya ce min turancin littafin ne ya yi masa nauyi, in na zauna da shi sai in tarar ba turancin ba ne, duniyar littafin ce bai sani ba. Bai san wace ƙasa ba ce, wane zamani ne, wa ke sama wa ke ƙasa a cikin mutanen, me suke ɗauka abin kunya. In ba ki san wannan ba za ki ga mutane suna ta yin abubuwa ba dalili, sai gajiya ta kama ki.

Ɗauki To Kill a Mockingbird na Harper Lee, wanda ya fito a 1960 kuma yana cikin sabon jeri. Labarin a jihar Alabama ne, kudancin Amurka, a shekarun 1930 lokacin da tattalin arziki ya karye. An haramta bauta a can tun 1865 amma dokokin wariya suna nan daram, baƙi da farare ba sa haɗa makaranta, ko a kotu wajen zamansu daban. In kin san wannan, nan take za ki gane me ya sa garin ya juya wa lauya Atticus Finch baya don kawai ya tsaya wa Tom Robinson, baƙar fatan da aka yi wa ƙazafin fyaɗe, kuma za ki gane me ya sa aka same shi da laifi duk da hujja ta fito fili, raunin yarinyar da aka ce ya yi wa fyaɗen a gefen dama na fuskarta yake, hannun hagun Tom a shanye yake, ubanta kuma bahago ne. Wannan ɗan bayanin na hannu shi ne irin abin da mai makin takarda yake nema. Kowa zai rubuta cewa jigon littafin wariyar launin fata ne, dubban ɗalibai za su rubuta wannan jimlar iri ɗaya sak don a littafin taƙaitawa ɗaya suka haddace ta, wadda ta kawo maganar hannun hagu ita ce ta nuna ta karanta.

Haka Wuthering Heights na Emily Brontë, 1847, wanda ya wahalar da 'yan jerin baya sosai. Abu biyu ke rikita yara a ciki. Na farko masu ba da labarin biyu ne, Lockwood ɗan haya da Nelly Dean mai aikin gidan, labari cikin labari, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga wadda ta karanta Magana Jari Ce inda aku ke ta ba da labarai a cikin babban labari. Na biyu sunaye, Catherine biyu ne uwa da 'ya, Linton sunan dangi ne kuma sunan yaro ne. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su ɗauki takarda su zana gidaje biyun da labarin ya ginu a kansu, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, su liƙa a bangon littafin. Sannan in faɗa musu a Ingila ta wancan zamani dukiyar mace hannun mijinta take komawa in ta yi aure, shi ke nan sai su ga ashe auren da Heathcliff, tauraron labarin, yake ƙullawa hanyar ƙwace dukiyar gidan Linton ce, ramuwar wulaƙancin da aka yi masa yana yaro tsintacce.

Kuma kar ki saki jiki da na Afirka wai don na gida ne. Afirka faɗi gare ta. Senghor, shugaban Senegal na farko, da faransanci ya rubuta waƙar Black Woman, fassara 'yan jerin baya suka karanta, kuma in ba ki san tafiyar Négritude da suka fara a Faris a shekarun 1930 don dawo da martabar baƙar fata ba, za ki ɗauka waƙar soyayya ce kawai, alhali matar da yake yabo har da ita Afirkar kanta. Mawaƙi Agostinho Neto da harshen Fotugal ya yi rubutu, ƙasarsa Angola ba ta samu 'yanci ba sai 1975. Littafin Unexpected Joy at Dawn na jerin baya kuwa ba ya buɗuwa sai kin san korar baƙi da Ghana ta yi a 1969 da wadda Najeriya ta yi a 1983. Aikin dai ɗaya ne ko'ina, ki nemi lokaci da wuri tukuna.

Sai waƙa, wadda gaskiya ita ce na fi jin tausayin ɗalibai a kanta saboda yadda ake koyar da ita, a rubuta sunayen adon harshe a allo a ce a haddace, yaro ya san sunan abu bai san amfaninsa ba. Ke da kike jin Hausa kina da jari babba, kin san baiti da ɗango da amsa-amo, kin san jigo da salo, kamantawa da siffantawa da mutuntarwa duk akwai su a waƙoƙinmu, sunan ne kawai ya canza. Waƙar ki fara karanta ta da ƙarfi, bakinki ya furta kunnenki ya ji, sau biyu ko uku, kar ki tsaya neman ma'anar kowace kalma. Sannan ki tambayi kanki wa ke magana, da wa yake magana, me ke damunsa. Ki gwada faɗar kowane baiti da Hausa a jimla ɗaya, inda kika kasa to nan ne ba ki gane ba, nan za ki kai wa malami. Journey of the Magi ta T.S. Eliot misali, ɗaya daga cikin masanan gabas ne da Linjila ta ce sun je ganin Annabi Isa yana jariri yake ba da labarin tafiyar bayan ya tsufa, kuma Eliot ya rubuta ta a 1927, shekarar da ya shiga cocin Angalika, kinga wahalar tafiyar ita ce wahalar canza aƙida. Yaron da ba a faɗa wa wannan ba raƙuma da sanyi kawai zai gani.

In kin zo amsawa kuma, kar ki tsaya a cewa akwai siffantawa a baiti na biyu, wannan rabin magana ce, ki kawo kalmomin mawaƙin ko da uku ne, ki ce ga abin da ya siffanta, ga abin da hakan ya ƙara wa jigon. Kuma waƙoƙin kar ki zaɓi wasu ki bar wasu, ba su da tsawo, ba ki san wacce za ta fito ba.

Ɗan littafin taƙaitawar ban ce ki jefar ba, yana da amfani bayan kin karanta, don tuna sunaye da jerin abubuwan da suka faru, sai dai wasunsu akwai kurakurai a ciki, na sha ganin an juya sunan ɗan wasa ko an jingina magana ga wanda bai faɗe ta ba, wadda ba ta karanta asalin ba kuma ba yadda za a yi ta gane. Tunda SS2 kike lokaci na nan. Ki ɗauki babi ɗaya a rana, ki ajiye littafin rubutu a gefe, duk babin da kika gama ki rubuta layi uku, wa ya yi me kuma don me, in kalma ta tsaya miki ki ja mata layi ki wuce, sai kin kai ƙarshen babin ki buɗe ƙamus. Zagaye na biyu a SS3 ki yi shi da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO a gabanki, kina rubuta amsa da agogo kina kai wa malaminku yana dubawa. Allah ya ba da sa'a.