Dashbod ɗin tsohuwar Marsandi SL ya tsattsage: a sauya ko a gyara?

Malam, kana tambaya ko ka cire dashbod ɗin Marsandi SL ɗinka, ƙirar R107 da aka yi daga 1971 zuwa 1989, ka sa wani tunda ranar Bauchi ta tsattsaga shi. Shawarata kada ka sauya sai idan ƙashin cikinsa ya karye ko ya lanƙwashe. Idan ledar sama ce da soson da ke ƙarƙashinta suka bushe suka fashe, cire shi ka kai wa ƙwararren mai ɗinkin kujerun mota ya kankare, ya cike ramukan, ya lulluɓe da sabuwar leda baƙa marar sheƙi, don mai ƙyalli tana haska gilashin gaba ta hana ka ganin hanya da tsakar rana.

Idan kuma dole sai an sayo, tabbatar na mai sitiyari a hagu ne. Najeriya ta koma tuƙi a dama tun 1972, kuma dashbod ɗin Ingila ba zai zauna a taka ba ko kaɗan. Abin da na gani yana ɓata irin wannan aiki shi ne wayoyi. Cire kan batir tukuna, ka ɗauki hoton bayan agoguna, wato mitocin gudu da na mai, ka manna wa kowace waya takarda da sunanta kafin rewaya, mai gyaran wayoyin mota, ya taɓa komai. Robobin sun tsufa, da ƙarfi kaɗan suke karyewa, kuma samunsu a nan wahala ne.