Tambaya da Amsa: Wai labaran zanen Japan ɗin nan ba sa ƙarewa ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yarona shekararsa 14, kullum yana maƙale da waya yana karanta wasu labarai na zane daga Japan wai manga, har ya ce min akwai wani da aka fara tun kafin a haife shi kuma har yau ba a gama ba. Don Allah mene ne abin, kuma ya dace da shekarunsa kuwa? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron nan bai yi miki ƙarya ba, ina kyautata zaton One Piece yake nufi, wanda Eiichiro Oda ya fara a 1997 kuma har yanzu yana kai, an buga sama da kwafi miliyan 500 na littattafansa.

Irin waɗannan ana ce musu shonen, wato waɗanda aka yi domin samari 'yan makaranta. A can Japan ba littafi ake fara fitarwa ba, mujalla ce ƙatuwa mai arha, baƙi da fari, takardarta ma ba wata mai kyau ba ce, duk sati a ciki za ki samu labarai wajen ashirin kowanne babi ɗaya, sai daga baya a tattara babukan a yi littafi. Daga dama ake karantawa zuwa hagu kamar Larabci. Manyan mujallun uku ne: Weekly Shonen Magazine da Weekly Shonen Sunday da suka fara a 1959, sai uwa-uba Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha da ta zo a 1968, wadda a 1995 lokacin da labarin Dragon Ball ke tashe ta taɓa buga kwafi miliyan 6.53 a fitowa guda.

To batun rashin ƙarewa kuma, ga inda gizo ke saƙa. Ita Jump ɗin tana tambayar masu karatu duk sati wanne labari ya fi burge su, wanda ya yi ta zuwa na ƙarshe sai a datse shi ko da marubucin bai kai inda yake so ba, wanda kuma ke kan gaba ai kamfani ba zai so ya tsaya ba tunda shi ke kawo kuɗi, shi ya sa kowane babi yake ƙarewa a daidai inda ran yaro zai tsaya cak sai ya ga na gaba, kuma da an gama da wannan mugun sai wanda ya fi shi ƙarfi ya ɓullo. Wani labari mai suna Naruto a haka ya kai babi 700 daga 1999 zuwa 2014. Dabarar kasuwa ce tsagwaronta, kuma wallahi sun iya.

Saƙon da ke cikin yawancinsu ba laifi, abota ne da naci da cin nasara, yaro marar galihu ya yi ta faɗuwa yana tashi. Akwai na ƙwallo da na kwando ma, ba duka ne faɗa ba.

Amma fa Hajiya kar sunan "na samari" ya yaudare ki. Wannan suna kawai yana nuna wa mujallar take son sayar wa, ba tantancewa ba ce ta tarbiyya, kuma ma'aunin Japanawa daban namu daban. Wani labari mai suna Chainsaw Man a cikin Jump ya fito, amma jinin da ke ciki ni dai ba zan miƙa wa ɗan shekara 14 ba, wasu kuma da zanen mata cikin shigar da ba za ki so ba, ga tatsuniyoyin aljanu da abubuwan bautarsu.

Ni shawarata kar ki ƙwace wayar, don zai koma karantawa a ɓoye ne. Ki ce ya faɗa miki sunayen waɗanda yake bi, ki zauna ki duba babi biyu-uku da kanki, zane ne, ko ba ki karanta rubutun ba za ki gane inda aka dosa. Sannan ki sa masa lokaci, musamman da dare da kuma lokacin jarrabawa.